Kifin da Aka Kama Don a Sake Shi

A ƙarshen watan Afrilu ko farkon Mayu, kogin Yelloston, inda ya ratsa kusa da garin Libinston a jihar Montana ta Amurka, yakan shiga wasu 'yan kwanaki da masu fatsa kan shekara suna jira. Sanyi ya fara sassautawa a kwari, amma dusar ƙanƙarar da ke kan duwatsun Roki ba ta fara narkewa gadan-gadan ba, don haka ruwan yana ƙasa-ƙasa, garau da shi, ana hango tsakuwar gindinsa. Da ɗuminsa ya haura digiri 10 a ma'aunin Salsiyos, sai wasu ƙananan ƙwari masu duhun jiki su taso daga ƙarƙashin duwatsu, dubbai bisa dubbai, su lulluɓe fuskar ruwa kamar yadda shinge ke lulluɓe fitila bayan ruwan farko. Kifin tirawut, wanda ya yi watanni kwance a gurbi mai zurfi yana cin abin da bai taka kara ya karya ba, sai ya taso sama yana tsintar su ɗaya bayan ɗaya. A nan mai fatsa zai shiga ruwa iya gwiwa. Ba tana ce a bakin ƙugiyarsa ba. Ƙugiya ce da ba ta wuce ƙwayar wake ba, an naɗe ta da zare da gashin barewa da gashin wuyan zakara har ta yi kama da ƙwaron da ke tashi a ranar. Ya wulwula zaren a iska, ya ajiye ƙwaron bogin a saman ruwa, kifi ya cafka. Bayan 'yan mintoci ana kai ruwa rana, sai ya jawo shi, ya jiƙa hannunsa, ya zare ƙugiyar, ya riƙe kifin yana fuskantar igiyar ruwa har ƙarfinsa ya dawo, ya sake shi. Sannan ya sake jefawa. Da yamma ya koma gida da jaka wayam, yana murna da cewa yau ya kama talatin.

Masunci a Yawuri ko a bakin tafkin Chadi, in aka ba shi wannan labari, abin da zai fara tambaya shi ne: to don me? Masu wannan wasa sukan ɗauki irin tambayar nan a matsayin ta wanda bai san daɗin abin ba. Ni kuwa ina ganin ita ce tambayar da ta dace, kuma har yau ba a ba ta amsa mai gamsarwa ba. A Amurka an wayi gari sakin kifi ya zama alamar mai fatsa na kirki, wanda ya ci abin da ya kama kuwa ana yi masa kallon mai haɗama. Ra'ayina shi ne sakin ba ya wanke huda bakin da aka riga aka yi. Huda bakin mai rai yana buƙatar dalili, kuma jin daɗi kaɗai bai kai ya zama dalili ba. Inda sakin yake da hujja, hujjar ta kogi ce da irin kifin da ke cikinsa, ba ta tausayin kifin da ke hannu ba ce, kuma wannan hujja ba ta ba kowa lasisin hudawa ba iyaka.

Halaccin kamun kifi ba abin jayayya ba ne a Musulunci. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar ruwa har ga mai harami, aya ta 14 a Suratun Nahli kuma ta lissafa ɗanyen naman da ake fitarwa daga teku cikin ni'imomin Allah. Sai dai duk ayoyin biyu sun ambaci abin tare da amfaninsa, wato ci da guzuri. A gefe guda kuma aya ta 38 a Suratul An'am ta bayyana dabbobi da tsuntsaye a matsayin al'ummomi irin namu, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito yadda Abdullahi ɗan Umar ya tarar da wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, ya sanar da su cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin gwada saiti. Nasa'i ya ruwaito cewa wanda ya kashe ko da ɗan tsuntsu ne ba da haƙƙinsa ba za a tambaye shi, aka kuma fassara haƙƙin da yankawa a ci. Malaman Malikiyya ba su bar maganar a dunƙule ba. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ɗalibin zaure a Kano ko Damagaram kan karanta tun yana matashi, ta raba farauta biyu: ta wasa makaruhi ce, wadda ba ta wasa ba halal ce. Mukhtasar na Shehu Halilu ya fi haka tsanani, domin ya haramta farautar dabbar da ake ci in babu niyyar yanka ta. Wanda ya fito daga gida ya riga ya ƙudurta cewa duk abin da ya kama zai mayar, ya sanya kansa daidai inda waɗannan malamai suka ja layi.

Mai ilimi zai iya cewa wannan ƙiyasi ya yi nisa. Maganar Halilu a kan dabbar tudu take, kifi kuwa ba ya buƙatar yanka, ko mushensa halal ne. Zai kuma kawo hadisin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Annabi bai hana shi ba, har ma ya tausaya masa da tsuntsun ya mutu. Amsar ta farko ita ce ɗauke wa kifi yanka hukunci ne a kan abin da ke halatta namansa, bai ce wahalarsa ba ta da nauyi ba. Dalilin hana farautar wasa shi ne wahalar da rai ba tare da wata manufa ba, kuma wannan dalili ba ya tsayawa a bakin gaɓa. Hadisin Shaddad ɗan Aus da Muslim ya ruwaito ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wajen kisa, bai ware na ruwa ba. Game da Abu Umair kuwa, babu inda aka ce ya huda bakin tsuntsunsa, kuma malaman da suka ciro halaccin wasan yaro da tsuntsu daga hadisin sun gindaya sharaɗin kada a azabtar da shi. Hadisin ya nuna cewa jin daɗin zama da dabba ba laifi ba ne. Abin da ake tambaya a nan shi ne jin daɗin da ba ya samuwa sai da rauni.

Daga nan sai a koma ga mafakar da masu fatsa suka fi dogara da ita, cewa kifi ba ya jin zafi. Ba maganar banza ba ce, akwai masana a bayanta. A shekarar 2002 James Rose na Jami'ar Wayomin ya kafa hujja da cewa kifi ba shi da ɓangaren saman ƙwaƙwalwa wanda ɗan Adam ke jin zafi da shi, don haka fizge-fizgensa motsi ne kawai irin na jiki, babu wani mai ji a ciki. Shekara guda bayan haka, Lynne Sneddon da abokan aikinta a Sikotilan suka fitar da binciken da suka yi a kan tirawut mai launin bakan gizo, wato ainihin kifin da ake magana a kai. Sun gano jijiyoyi masu amsa rauni a fuskarsa da kewayen bakinsa. Da suka yi wa wasu allurar sinadari mai tsami ko dafin ƙudan zuma a leɓe, sai numfashinsu ya ƙaru, suka ƙaurace wa abinci na sa'o'i, wasu suka riƙa goga leɓensu a tsakuwa. Da aka ba su mofin a wani gwaji, waɗannan alamu suka ragu. Har yanzu ana ja-in-ja, kuma kifi ba shi da bakin da zai raba gardama. Dokin mai baki ya fi gudu. To amma a duba wa ya kamata shakka ta amfana. In Rose ne da gaskiya muka kame hannu, abin da muka yi asara ɗan nishaɗi ne. In Sneddon ce da gaskiya muka ci gaba, mun azabtar da miliyoyin rayuka don nishaɗi. Wanda ya san ƙa'idar barin abin da ke sa kokwanto ba zai sha wahalar zaɓi ba. Akwai kuma wani abin da ya fi binciken ɗaki ƙarfi a wurina, shi ne shaidar mai fatsar da kansa. Kifin da yake yabo shi ne wanda ya yi tsalle, ya ja zare har faifan ya yi ƙara, ya nufi ƙarƙashin kututture yana neman tsinke shi. Kifin da ya taho kamar tsumma ba ya burge kowa. Ashe abin da ake tafiya mil ɗari a nema shi ne gwagwarmayar mai neman tsira da ransa, kuma da wuya mutum ya sayi wannan gwagwarmaya da kuɗinsa sannan ya ce babu kowa a ɗaya bakin zaren.

Za a ce ko da hakan ne, rauni ya fi mutuwa sauƙi, kuma kifin da aka saka ya tafi da ransa. Wani ya tafi da shi, wani bai tafi ba. Wani nazari na 1992 da Taylor da White suka yi, inda suka tattara sakamakon gwaje-gwaje da dama a kan tirawut, ya nuna cewa kusan 4 cikin 100 na waɗanda aka kama da ƙwaron bogi suna mutuwa bayan an sake su, alhali waɗanda aka kama da abincin gaske irin tana, da yake sukan haɗiye ƙugiyar, mutuwarsu ta haura 30 cikin 100. A shekarar dai, Ferguson da Tufts a Kanada suka gajiyar da tirawut kamar yadda fatsa ke gajiyar da shi: waɗanda ba a fitar daga ruwa ba 88 cikin 100 suka rayu, waɗanda aka ɗaga a iska na daƙiƙa 30 suka koma 62, na daƙiƙa 60 kuwa 28 kacal. Daƙiƙa 60 ita ce abin da ɗaukar hoto da waya kan ci. A yi lissafi da 4 cikin 100 ɗin nan. Mutumin da ya kama hamsin ya saki hamsin ya kashe biyu, daidai da wanda ya kama biyu ya tafi da su gida ya soya wa iyalinsa. Bambancinsu shi ne na farko ya ƙara da huda baki arba'in da takwas, kuma biyun da ya kashe bai gan su ba, sun mutu a bayan wani dutse da dare. Na biyu ya ga abin da ya yi, ya ɗauki nauyinsa, ya ci. Adalci ya sa a faɗi cewa wannan lokaci na narkewar ƙanƙara shi ne ya fi sauƙi ga kifin da aka saka, domin ruwan sanyi ya fi riƙe iskar oksijin: kusan miligiram 13 a lita a digiri 5, ya sauko zuwa kusan 9 a digiri 20. Shi ya sa hukumar Montana sai a tsakiyar zafi take hana fatsa daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare, idan ɗumin kogi ya kai kimanin digiri 23 kwana uku a jere.

Amma abin da Afrilu da Mayu suka bayar da dama, sun karɓe da hagu, kuma a nan ne yanayin ruwa da hukuncin aiki suke haɗuwa. Watannin nan su ne na zubar ƙwai ga tirawut mai bakan gizo da kuma ɗan asalin yankin, mai jan zane a ƙarƙashin muƙamuƙi, wanda zan kira jan-wuya. Macen takan hau ƙaramin rafi, ta sami tsakuwa a ruwa marar zurfi mai gudu, ta kwanta a gefenta tana kaɗa wutsiya har ta share wuri kamar faɗin faifai ko tabarmar salla, ta zuba ƙwai, namiji ya barbare su, ta rufe. Wurin yakan fita fari-fari a tsakiyar duwatsu masu gansakuka, duk mai ido zai gane shi. Kifin da ke kan wannan sheƙa a fili yake, ya gaji, kuma yana kai wa duk abin da ya gifta hari. Babu kifin da ya fi shi sauƙin kamu. Ko wanda bai jefa masa ƙugiya ba yana iya yin ɓarna da ƙafa: Roberts da White, a wani gwaji a Montana da aka buga a 1992, sun ga cewa taka sheƙa sau ɗaya gab da ƙyanƙyasa na iya kashe har 43 cikin 100 na ƙwan, taka ta sau biyu kullum kuwa har 96. Daga tsakiyar Mayu sai dusar kan duwatsu ta sako, kogi ya cika ya yi jajir kamar kunun kanwa har cikin Yuni. Kifi ya guje wa ƙarfin tsakiya ya rakuɓe a gefen gaɓa, mutane kuma su yi dafifi a 'yan wuraren da ruwa ya rage garau, ƙarƙashin madatsun ruwa na Misuri da Bighon, ko a tafkunan da ƙanƙararsu ta fara fashewa, inda kifi mai yunwar wata biyar ke zagaya bakin ruwa. In aka duba da kyau, kusan duk abin da ake kira yanayi mai kyau na fatsa a wannan lokaci, ko yunwar kifi ce, ko haihuwarsa, ko matsuwarsa. Ilimin karanta ruwa da mai fatsa ke alfahari da shi ilimin sanin lagon kifi ne, kuma wanda ya san lagon wani ya fi wanda bai sani ba nauyin hisabi.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi a wajen masu sakin kifi ita ce ta tarihi, kuma ba zan raina ta ba. A gandun Yelloston, wanda aka keɓe tun 1872, akwai gada a inda kogi ke fita daga tafki, wadda har sunanta gadar kamun kifi ne. Hotunan tsakiyar ƙarnin da ya wuce sun nuna mutane kafaɗa da kafaɗa a kanta, kowa na cika jakarsa da jan-wuyan da ya zo zubar da ƙwai, har kifin ya ja baya ƙwarai. A 1973 aka hana fatsa a gadar, aka kuma wajabta sakin jan-wuya a wani sashe na kogin da ke ƙasa da ita. Kifin ya farfaɗo, ya ƙara yawa, ya ƙara girma. Binciken Schill da abokansa a farkon shekarun 1980 ya kiyasta cewa a wannan sashe ana kama kowane kifi kusan sau 10 a kaka guda, kuma mutuwa a kowane kamu ba ta kai 1 cikin 100 ba. Ƙari a kan haka, masu fatsa ne ke biyan kuɗin tsaron kogunan: dokar tarayya ta 1950 ta ɗora haraji a kan kayan fatsa don wannan aiki, ƙungiyar Trout Unlimited da aka kafa a Mishigan a 1959 ta daɗe tana faɗa da masu gurɓata ruwa, kuma Montana ta daina zuba kifin kiwo a kogunanta a 1974 bayan binciken Dick Vincent a kogin Madisin ya nuna cewa zubawar tana rage na daji. Kogin da ba shi da masoya, mai haƙar ma'adinai da mai janye ruwan ban-ruwa za su gama da shi ba mai cewa uffan.

Duk wannan gaskiya ne, amma a lura da abin da ya tabbatar. Ya tabbatar da cewa hana kisa ya ceci kifin. Bai tabbatar da cewa hudawar ta amfane shi da komai ba. A kan gadar nan kanta, inda aka hana duka biyun, kifin ya dawo, mutane kuma suka ci gaba da tsayawa suna kallonsa a ƙarƙashin ƙafafunsu. Keɓe wuri don abin da ke cikinsa ya hayayyafa tsohon tsari ne da shari'a ta sani da sunan hima: Annabi ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Umar ya keɓe Rabaza. Kabawa ma sun san shi, domin Matan Fada a Argungu a rufe take ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa har ranar da za a buɗe ta, kuma abin da aka kama a ranar ba a mayar da shi don a sake kama shi gobe. Dokar kama-ka-saki sulhu ce tsakanin kogi ɗaya da dubban mutanen da ba za su yarda a rufe musu shi ba. A matsayin doka tana da hikima, zaɓin mafi sauƙin sharri biyu ce, kuma da ni ne mai hukunci a Montana da ban soke ta dare ɗaya ba. Sai dai abin da hukuma ta ƙyale don gudun ɓarna mafi girma ba ya zama aikin lada ga wanda ya yi shi. Kifin da aka huda sau goma a wata uku shaida ne cewa dokar tana aiki, kuma shi ne shaidar abin da aikin nata ke ci.

Tafkin Yelloston da kansa ya fallasa cewa ba tausayi ne tushen dokar ba. A 1994 aka tabbatar da cewa wani baƙon kifi, tirawut na tafki, ya shiga cikinsa. Babba ne, yana cinye jan-wuya, yana zaune a zurfi kuma a tafkin yake haihuwa, don haka beyar da gaggafa da karen ruwa da kwasakwasa, waɗanda ke jiran jan-wuya a bakin rafuka duk shekara, ba sa samun sa. A wani rafi da ke shiga tafkin ta gabas, an ƙirga jan-wuya fiye da 70,000 sun hau zubar ƙwai a 1978. A 2007 ba su kai 600 ba. Beyar ta koma cin 'ya'yan manyan barewa, sheƙunan tsuntsaye masu cin kifi suka ragu. Hukumar gandun ta sa jiragen raga a tafkin, an fitar da baƙon fiye da miliyan 3, kuma doka ta ce duk mai fatsar da ya kama shi dole ya kashe shi. Mutum ɗaya, a kwale-kwale ɗaya, da ƙugiya ɗaya: jan-wuya in ya kashe shi ya karya doka, baƙon in ya sake shi da rai ya karya doka. Ina goyon bayan wannan hukunci ɗari bisa ɗari, domin kiyaye tsarin da Allah ya shimfiɗa a wurin, daga ƙwaro zuwa beyar, manufa ce da ta kai a zubar da jini dominta. Amma wanda ya yarda da shi ba zai ƙara cewa sakin kifi jin ƙai ne ba, tunda baƙon ma rai ne da shi kamar ɗan gida. A kogin Fayahol kuwa, wanda maɓuɓɓugan ruwan zafi ke ɗumama shi har yakan riga sauran kogunan gandun shiryawa, babu kifi ko ɗaya a saman gangarensa sai da aka zuba a 1889. Tirawut ɗin da ke ciki baƙi ne, duk da haka doka ta ce a saki mai bakan gizo da mai launin ƙasa. A nan babu ɗan asalin da ake karewa. Wasan ake karewa.

Turai ta bi wata hanya. Dokar kare dabbobi ta Jamus ta hana jawo wa dabba zafi ko wahala ba tare da dalili na hankali ba, kuma an saba ɗaukar ci a matsayin wannan dalili. Suwizalan, a dokarta ta 2008, ta hana yin fatsa da niyyar sakin abin da aka kama, ko da yake kifin da bai kai girma ba ko wanda ke cikin kariya dole ne a mayar da shi. Abin lura ne cewa majalisar ƙasar da ba ta karanta Halilu ba ta sauka a inda ya sauka, wato a kan niyya. Masu suka na cewa ba a iya kama niyya da hannu, kuma in kowa ya kashe abin da ya kama kogunan za su ƙare. Ta farko gaskiya ce ga ɗan sanda, amma mai fatsa ya san abin da ya fito nema. Ta biyu kuwa ta ɗauka cewa yawan jefa ƙugiya abu ne da ba a taɓawa, alhali shi ne ya kamata a fara taɓawa. In kogi ba zai iya ɗaukar a ci biyu daga cikinsa ba, a ci ɗaya. In ba zai ɗauki ɗaya ba, a rage masu shiga ko a rufe shi har ya murmure.

Saura hujja ɗaya, wadda ta fi sauran taɓa zuciyata. Masu wannan fatsa da yawa za su ce ba kifin ne ya kawo su ba. Abin da ya kawo su shi ne tsayuwa a cikin ruwan sanyi da hantsi, da ɗaga dutse a ga tsutsar da ta gina wa kanta gida da ƙwayoyin yashi, da sanin cewa ranar da hadari ya rufe sama ƙananan ƙwari masu shuɗin fiffike za su tashi bayan azahar, da gane layin da ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya, inda kifi ke tsayawa abinci na zuwa masa har baki. Wannan tunani ne a cikin halitta, kuma Alƙur'ani ya yi kira gare shi a wurare da yawa. Ban ga mai kallon kogi da idon basira kamar waɗannan mutane ba, kuma ba na so a raba su da shi. Amma duk wannan ilimi ya gama cika a daidai lokacin da kifi ya taso ya buɗe baki ga ƙwaron da mutum ya ɗaura da hannunsa. A nan aka ci jarrabawa. Abin da ke biyo baya, ja da fizga da gajiyarwa, ba ya ƙara wa mutum sanin kogi. Wasu tsirarun masu fatsa sun gane haka har sukan datse lanƙwasar ƙugiyar gaba ɗaya, kifi ya cafki gashi ya tofar ya wuce. Wanda kuma yake son ya kai abin ƙarshe, ga tukunya nan, kuma kifi biyu sun ishe ta.

Ko a cikin Yelloston, inda doka ta hana cin jan-wuya, mai son fita da niyya mai tsabta bai rasa hanya ba. Idan ƙanƙarar tafkin ta fashe a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, baƙon tirawut yakan matso bakin ruwa kafin ɗumi ya kora shi zurfi, kuma ana samun sa da ƙwaron gashi mai siffar ƙaramin kifi. Namansa na ciyuwa, babu iyaka a kan yawan da za a ɗauka, kuma kowane guda da aka fitar ya rage wa 'yan gida maƙiyi. Ƙugiya a gandun dole ta zama marar haƙori, don haka in jan-wuya ne ya cafka bisa kuskure, ana iya zare ta yana cikin ruwa ba tare da an ɗaga shi don hoto ba. In kuwa aka ga jan-wuya ne ke ta cafka, na biyu, na uku, to an tsaya a kan hanyarsu ta zuwa rafin haihuwa ke nan, sai a naɗe zare a matsa gaba.